Tsakuwar matsarmama da rigakafinta

Tsakuwar matsarmama, wadda wasu ke kira tsakuwar maɗaciya, wani daskararren abu ne da ke taruwa a cikin matsarmama idan sinadaran da ke cikin ruwanta suka rasa daidaito. Girmanta yakan kama daga ƙwayar gero har zuwa ƙwan zabo, kuma mutum na iya ɗauke da guda ɗaya tal ko ɗaruruwan ƙanana. Kimanin kashi 80 cikin 100 na masu ita ba sa jin komai, wasu har su mutu da tsufa ba su san tana jikinsu ba. Sauran kuwa takan jawo musu matsanancin ciwon ciki, kumburin matsarmama, ko shawara, wani lokacin har ta kai ga halaka idan aka yi jinkirin zuwa asibiti.

A ƙasashen Turai da Amurka, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na manya suna da ita. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara, ciki har da ƙasar Hausa, an daɗe ana lissafa ta cikin cututtukan da ba a cika gani ba. Abinci yana da hannu wajen hana ta samuwa, amma babu wani abinci ko tsiro da aka tabbatar yana narkar da ita bayan ta riga ta ƙullu.

Suna

Kalmomi biyu ne Hausa ke da su ga wannan gaɓa: matsarmama da maɗaciya. Ta biyun ta fito daga ɗaci, an yi mata ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar tamata, wato dai mai ɗaci. Tushe ɗaya ne da na maɗaci, itacen nan da ɓawonsa ya yi suna wajen ɗaci. Mahauta da masu gyaran kaji sun fi kowa sanin ta, domin ita ce 'yar jakar nan koriya da ke manne a jikin hanta, wadda ake cirewa a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama.

Ana yawan rikita tsakuwar matsarmama da tsakuwar ƙoda, saboda a baka duka biyun "tsakuwa a ciki" ake ce musu. Cututtuka ne daban. Ta ƙoda daga gishirin da ke cikin fitsari take, ta hanyar fitsari kuma take fita, kuma yawan shan ruwa yana rage ta. Ta matsarmama ba ta da wata hanya da ta haɗa ta da fitsari.

Kalmar kolestarol ma daga wannan cuta ta samo asali. A shekarar 1769 wani Bafaranshe mai suna François Poulletier de la Salle ya fara tace sinadarin daga cikin tsakuwar matsarmama, daga baya Michel Eugène Chevreul ya raɗa masa suna da kalmomin Girkanci biyu masu nufin ruwan matsarmama da daskararre.

Yadda take samuwa

Hanta ce ke yin ruwan matsarmama, daga rabin lita zuwa kusan lita ɗaya a yini. Aikin matsarmama shi ne ta ajiye wani kaso na ruwan, ta tsotse danshinsa ya yi kauri. Tsawonta santimita 7 zuwa 10 ne, abin da take ɗauka kuma bai wuce mililita 50 ba. Idan abinci mai maiƙo ya iso farkon ƙaramin hanji, sai hanjin ya saki wani sinadari da ke sa ta matse, ruwan ya gangara ta wani siririn bututu ya gauraya da abincin, ya taimaka wajen narkar da mai.

A cikin ruwan akwai kolestarol, da gishirin matsarmama, da wani nau'in maiƙo da ake kira lesitin, da bilirubin, wato launin rawaya da ke fitowa idan jajayen ƙwayoyin jini suka mutu. Kolestarol ba ya narkewa a ruwa, gishirin da lesitin ne ke riƙe shi a narke. Abu uku ne ke haɗuwa su ba da tsakuwa: hanta ta zuba kolestarol fiye da abin da gishirin zai iya riƙewa, majinar da ke jikin matsarmama ta kama ƙananan ɓurɓushin da suka fara daskarewa, sannan matsarmamar ta yi kasala ta daina juye abin cikinta yadda ya kamata. Da farko laka ake samu, sai lakar ta dunƙule a hankali cikin watanni ko shekaru.

Tsakuwar kolestarol launinta rawaya-rawaya ne ko kore-kore, ita ce kuma kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda ake cirowa a Turai da Amurka. Nau'i na biyu ita ce tsakuwar launi, wadda ake samu daga bilirubin. Baƙa tana zuwa ne ga waɗanda jininsu ke saurin fashewa da masu tsohon ciwon hanta, ruwan ƙasa kuma ga waɗanda ƙwayoyin cuta ko tsutsotsi suka shiga bututun matsarmamarsu, an fi ganin ta a gabashin Asiya. Wannan rabe-raben yana da muhimmanci ga batun abinci, domin duk shawarwarin abincin da ake bayarwa a kan tsakuwar kolestarol aka gina su.

Waɗanda ta fi kamawa

Mata sun fi maza kamuwa, kusan ninki biyu a shekarun haihuwa. Haɗarin yana ƙaruwa da shekaru, da ƙiba musamman teɓa, da ciwon suga, da gado. Ƙabilar Pima ta jihar Arizona a Amurka ta yi fice a wannan fanni: binciken da aka buga a 1970 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na matansu manya suna da ita. Haka ma ƙabilar Mapuce ta ƙasar Cile. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Masai na gabashin Afirka, waɗanda da wuya a same su da ita.

A shekarun 1970, likitan tiyata Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya tattara bayanai daga asibitocin karkara na Afirka, ya lura cewa tsakuwar matsarmama na cikin cututtukan da suka yi ƙaranci a can alhali sun cika asibitocin Ingila. Shi da abokin aikinsa Hugh Trowell sun danganta bambancin da abinci: mutanen karkara suna cin hatsi da dusarsa, da wake da ganye, Turawa kuma sun koma farar fulawa da suga. Ba duk abin da suka faɗa ne ya tsaya da ƙafarsa ba, kuma dole a tuna cewa a lokacin babu na'urar hoton ciki a waɗannan asibitoci, saboda haka tsakuwar da ba ta yi ciwo ba ba wanda ya ƙirga ta. Duk da haka binciken da ya biyo baya ya goyi bayan jigon maganarsu.

A ƙasar Hausa akwai abubuwa uku da suka sa batun ya sha bamban da na Turai.

Na farko shi ne amosanin jini, wato sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irin cutar a jininsa. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya sukan yi kwana 120, na mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ne. Wannan yawan fashewar yana cika matsarmama da bilirubin, ya haifar da baƙar tsakuwa tun ana yara. Wani dogon bincike da aka yi a Jamaika, inda aka bi yara masu sikila tun daga haihuwa, ya gano kusan rabinsu suna da tsakuwar kafin su kai shekara 25. Matsalar ita ce ciwon nata yana kama da tashin sikilar da aka saba gani, sai iyaye su ɗauka shi ne ya dawo. Gyaran abinci ba ya hana wannan nau'in; abin da ke taimakawa shi ne kula da sikilar kanta da yin hoton ciki idan ciwon ya tsaya a gefen dama.

Na biyu shi ne yawan haihuwa. Lokacin goyon ciki, sinadarin estirojin yana ƙara kolestarol a ruwan matsarmama, firojestaron kuma yana sa ta kasala. Mata da dama suna samun laka a watannin ƙarshe, mafi yawanta tana wankewa bayan haihuwa, amma kowane ciki yana ƙara haɗarin. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna jihar Katsina ce kan gaba a yawan haihuwa, da matsakaicin 'ya'ya 7.3 ga kowace mace.

Na uku shi ne taifot. Ƙwayar cutar tana iya maƙalewa a jikin tsakuwar ta yi shekaru, mutum yana yaɗa ta ta bayan gida alhali shi lafiyarsa ƙalau. Mafi yawan masu irin wannan ɗauka ta dindindin ana samun su da tsakuwa. Sannan allurar seftiriyazon, wadda ake rubuta Ceftriaxone a jikin kwalinta kuma ake yawan yi wa masu taifot, tana iya tara laka a matsarmama, musamman ga yara, ko da yake takan baje bayan an daina allurar.

Alamomi

Ciwon yakan taso ne lokacin da tsakuwa ta toshe bakin matsarmama ita kuma tana ƙoƙarin matsewa. Ana jin sa a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko a ƙahon zuciya, yana iya harbawa zuwa allon kafaɗar dama ko tsakiyar baya. Yakan zo farat ɗaya, sau da yawa da dare ko bayan cin abinci mai maiƙo, ya tsaya daram daga minti 30 zuwa sa'o'i kaɗan, tare da tashin zuciya, amai da gumi. Sai ya lafa kamar ba a yi ba, har wani jiƙon. Saboda wurin da yake tsayawa, mutane da yawa sukan ɗauka olsa ce, su yi ta shan maganin gyambon ciki shekara da shekaru.

Cikin masu tsakuwar da ba ta taɓa ciwo ba, ɗaya zuwa huɗu cikin 100 ne ke fara jin ciwon a kowace shekara. Amma idan ta fara, galibi takan maimaita.

Alamomin da ke buƙatar asibiti a ranar su ne: ciwon da ya wuce sa'a shida bai lafa ba, zazzaɓi da rawar sanyi tare da ciwon, ido ko fata su yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, bayan gida ya yi fari-fari, ko aman da ya ƙi tsayawa. Waɗannan suna nuna matsarmama ta kumbura, ko tsakuwa ta gangara ta toshe babban bututu, ko kuma ta tayar da kumburin fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin. Hoton ciki, wanda aka fi sani da sikanin, yana gano tsakuwar da ke cikin matsarmama fiye da sau 95 cikin 100, kuma ana so a yi shi bayan mutum ya yi sa'a shida zuwa takwas bai ci komai ba. Hoton ƙashi na yau da kullum kaɗan daga ciki yake nunawa.

Abinci da rigakafi

Mafi yawan abin da aka sani a kan abinci ya fito ne daga manyan bincike biyu na Jami'ar Harvard, ɗaya a kan mata ma'aikatan jinya, ɗaya a kan maza ma'aikatan lafiya, inda aka bi dubban mutane shekaru masu yawa ana rubuta abin da suke ci da cututtukan da suka same su. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya tabbatar da cewa abincin ne kaɗai sanadi. Kuma mutanen Amurka ne, ba masu cin tuwo ba. Sai dai sakamakon ya yi ta maimaituwa a wasu ƙasashe, har ƙungiyar likitocin hanta ta Turai ta sanya shi cikin ƙa'idojinta na 2016.

Harza, wato zare-zaren hatsi, wake da ganye da hanji ba ya narkarwa, ita ce ginshiƙi. Tana hanzarta tafiyar abinci a hanji, ta rage wani nau'in gishirin matsarmama da ƙwayoyin hanji ke sarrafawa, wanda ke sa hanta zuba kolestarol da yawa. Farar fulawa da suga kuwa suna tayar da insulin, shi kuma ya ƙara wa hanta yin kolestarol. A nan ne abincin gargajiya ya yi zarra. A ƙauyukan tsakiyar jihar Katsina, irin su garuruwan yankin Dutsin-Ma da Kurfi, abin da gona ke bayarwa shi ne gero, dawa, masara, wake da gyaɗa, abin da ke kan faifai kuma tuwo ne da miyar kuka ko kuɓewa, fura, kunu, dambu, ɗanwake, da kwaɗon zogale, rama ko tafasa. Kusan jerin da likitocin Turai ke ba marasa lafiyarsu ke nan, da wasu sunaye. Abin lura kawai shi ne surfe: iyakar yadda aka surfa hatsi aka bushe dusarsa, iyakar harzar da aka zubar wa awaki. Gero da dawa da aka yi wa surfe sama-sama sun fi farar shinkafa, taliya, semo da biredi ta wannan fuska. Sauyin da ake gani a garuruwa, inda karin kumallo ya zama shayi mai suga da biredi, rana taliya, a kora da lemon kwalba, shi ne irin sauyin da Burkitt ya yi magana a kai.

Gyaɗa ta fito da kyau a binciken. A rahoton 2004 da ya shafi mata fiye da 80,000 cikin shekara 20, waɗanda ke cin kimanin giram 140 na gyaɗa da danginta a mako sun sami ragin kusan kashi 25 cikin 100 na haɗarin a cire musu matsarmama, idan aka kwatanta da waɗanda ba sa ci. An sami kwatankwacin haka a maza. Giram 140 a mako bai wuce ɗan cikin tafin hannu a yawancin kwanaki ba. Sharaɗin shi ne gyaɗar ta zama mai kyau, domin wadda ta yi fumfuna a ajiya tana ɗauke da gubar afulatoksin mai lalata hanta.

Batun mai shi ne inda aka fi samun kuskure. Mutane da yawa suna zaton barin mai ɗungurungum shi ne rigakafi, alhali matsarmama ba ta matsewa sai ta ji maiƙo a hanji. Idan babu, ruwan ya kwanta ya yi laka. Abin dubawa shi ne nau'in man da yawansa. Man gyaɗa, man riɗi, man zaitun da man kifi suna cikin waɗanda aka danganta da raguwar haɗari. Kitse, kakiɗe, man shanu da man suyar da aka yi ta maimaitawa suna ɗaya ɓangaren. Kifi, wanda ake kamawa a madatsar ruwa ta Zobe kusa da Dutsin-Ma, ya fi nama mai kitse ga wanda ke da zaɓi. Barin nama baki ɗaya kuwa bai nuna wata fa'ida tabbatacciya ba: wani bincike na Oxford a 1985 ya sami ƙarancin tsakuwar ga mata marasa cin nama, wani mafi girma a 2017 bai sami wannan kariya ba.

Jiki yana amfani da bitamin C wajen mayar da kolestarol gishirin matsarmama, kuma bincike a Amurka da Jamus ya nuna masu isasshen bitamin ɗin sun fi ƙarancin tsakuwa. Gwaba, lemo, mangwaro, gwanda, tumatir, tattasai da garin 'ya'yan kuka duk suna da shi. Kofi ma an danganta shi da kariya: a rahoton 1999 kan maza kusan 46,000, masu shan kofi biyu zuwa uku a yini sun sami ragin kusan kashi 40 cikin 100. Shayi bai nuna wannan tasiri ba a binciken, kuma a kan kofi aka yi shi, ba goro ba.

Motsa jiki yana rage haɗarin ko da nauyin mutum bai sauka ba. Masu binciken Harvard sun ƙiyasta a 1998 cewa minti 30 na motsa jiki sau biyar a mako zai iya hana kusan kashi ɗaya cikin uku na ciwon tsakuwa a maza. Manomi da mai daka da mai ɗebo ruwa sun wuce wannan ma'auni nesa ba kusa ba. Mai zaman shago, ofis ko cikin gida ne abin ya shafa.

Rage ƙiba da azumi

Ƙiba tana jawo tsakuwa, rage ta da gaggawa kuma ya fi saurin jawo ta. Idan jiki ya shiga ƙona kitsensa, hanta takan kwararo kolestarol cikin ruwan matsarmama a daidai lokacin da ƙarancin abinci ya hana ta matsewa. Haɗarin yana tashi sosai idan ana zubar da fiye da kilo ɗaya da rabi a mako. Abin da ake ba da shawara shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, tare da barin ɗan mai a abinci, giram 7 zuwa 10 a yini, wato abin da bai kai cokalin cin abinci ɗaya ba. Yawan hawa da saukar nauyi ma yana da nasa haɗarin, abin da ya shafi masu shan magungunan ƙiba irin su sha-ka-fashe, daga baya su koma neman shayin rage teɓa.

Doguwar tazara tsakanin abinci tana sa ruwan matsarmama ya daɗe a kwance, kuma an danganta tsallake karin kumallo da ƙaruwar haɗari a mata. Ga mai azumi, abin da wannan ke nufi shi ne kada ya bar sahur, ya kuma jinkirta shi, wanda dama addini ya kwaɗaitar da haka. Wanda ya san yana da tsakuwa ya kula da buɗa-baki: ƙosai, soyayyen dankali, awara da nama mai maiƙo a lokaci guda bayan yini cur ba a ci komai ba suna iya tayar da ciwon. Wanda ciwon ke taso masa a kai a kai ya kamata ya ga likita kafin watan ya kama.

Magungunan gargajiya

Maganin gargajiya na Hausa bai ware tsakuwar matsarmama a matsayin cuta mai zaman kanta ba, kasancewar ba a ganin ta sai da na'ura. Abin da ake gani shi ne ciwon ciki da shawara, su kuwa suna da magunguna birjik. J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirran Hausa a littafinsa na 1916, ya kuma rubuta amfaninsu a babban littafinsa kan tsirran Afirka ta Yamma na 1937. L. Lewis Wall, wanda ya yi bincike a yankin Malumfashi, ya buga littafi kan maganin Hausawa a 1988. Cikin abin da ake jiƙawa ko a dafa don shawara, rawaya ce ta fi suna, sannan akwai marke, maɗaci da shuwaka.

Matsalar ita ce shawara alama ce, sababinta kuma da yawa. Tana iya zuwa daga ciwon hanta nau'in B, wanda binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da shi, ko daga zazzaɓin cizon sauro, ko sikila, ko toshewar bututu. Wasu nau'o'in suna warkewa da kansu, kuma daga nan ne jiƙo yake samun shaida. Wadda tsakuwa ta jawo toshewa ce, babu jiƙon da ke buɗe ta, kuma idan zazzaɓi ya shigo, kwana biyu ko ukun da aka yi ana jiran aikin magani suna iya zama sanadin rasa rai.

Akwai kuma abin da ake kira wankin hanta ko wankin matsarmama, wanda ya shigo daga Turai da Amurka ya bazu ta intanet: a sha man zaitun mai yawa da ruwan lemon tsami da dare, da safe a ga wasu korayen ƙwallaye a bayan gida, a ce tsakuwar ce ta fita. A 2005 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga rahoton wasu masana daga Niyu Zilan da suka gwada irin waɗannan ƙwallaye da wata mata ta kawo. Ba su sami kolestarol ko bilirubin a ciki ba. Man da ta sha ne ya haɗu da ruwan lemon da sinadaran hanji ya dunƙule, kamar dai yadda ake haɗa mai da ruwan toka a yi sabulun salo. Har sun haɗa irinsu a ɗakin gwaji. Tsakuwar matar ta gaskiya tana nan inda take, sai da aka yi mata tiyata. Faɗin babban bututun matsarmama kimanin milimita 6 ne, saboda haka ƙwallo mai girman goro ba zai ratsa shi cikin dare ba tare da an ji ba. Hanyar tana da haɗari kuma, domin mai mai yawa haka yana matse matsarmama da ƙarfi, ya iya tura ƙaramar tsakuwa ta maƙale a bututu.

Kurkur, wato gangamau, yana sa matsarmama matsewa, an tabbatar da haka da hoton ciki a wani gwaji a Indonisiya a 1999. Wanda ake sa wa a miya ba matsala ba ne, amma ana gargaɗin mai tsakuwa kan shan garinsa ko ƙwayoyinsa da yawa. Geron tsuntsaye, ɗan tsiron da danginsa a Kudancin Amurka ake yi wa laƙabi da mai fasa dutse, gwaje-gwajen da aka yi masa a mutane a kan tsakuwar ƙoda ne. Khal tuffa, habbatus sauda, zuma da ruwan tufa da ake tallatawa a shagunan magani, babu gwajin da ya nuna suna narkar da tsakuwar matsarmama a jikin mutum.

Wani abin sha'awa shi ne babban maganin asibiti da ake sha don narkar da ita daga maganin gargajiya ya samo asali. Ursodiyol sinadari ne da aka fara ganowa a matsarmamar dabbar beyar, wadda masu maganin ƙasar Sin suka daɗe suna amfani da ita. Yanzu a masana'anta ake haɗa shi. Ƙananan tsakuwoyin kolestarol kawai yake narkarwa, sai an sha shi wata shida zuwa shekara biyu, kuma kusan rabin waɗanda suka warke tsakuwar takan dawo musu cikin shekara biyar. Sinawa kuma suna sayen tsakuwar matsarmamar shanu, wadda mahauta ke tsinta jefi-jefi, da tsada ƙwarai don haɗa magani.

Tiyata

Tsakuwar da aka gani a hoto kwatsam, ba ta taɓa ciwo ba, galibi ƙyale ta ake yi. Wadda ta fara ciwo kuwa, maganinta shi ne a cire matsarmamar ɗungurungum, domin idan tsakuwar kaɗai aka kwashe wata za ta sake taruwa. Kafin a kai ga aikin, ana ba marar lafiya shawarar ya rage soye-soye, ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan a kan lokaci, ya kuma guji duk abincin da ya lura yana tayar masa da ciwon. Wannan yana rage tashin ciwo ne kawai, tsakuwar tana nan.

Carl Langenbuch ne ya fara cire matsarmama cikin nasara, a birnin Berlin a watan Yulin 1882. A 1985 wani Bajamushen, Erich Mühe, ya yi aikin ta ƙananan huda da kyamara, hanyar da yanzu ta zama ruwan dare a duniya kuma ake yin ta a wasu asibitocin koyarwa na Najeriya, tare da tsohuwar hanyar tsaga ciki. Mazauna yankin Dutsin-Ma da Kurfi sukan fara da manyan asibitocin garuruwan biyu, idan aikin ya fi ƙarfin nan a tura su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Masu sikila suna buƙatar shiri na musamman kafin aikin, wani lokacin har da ƙarin jini.

Mutum yana rayuwa lafiya babu matsarmama, saboda hanta tana ci gaba da yin ruwan, yana gangarawa hanji kai tsaye. Wasu sukan yi fama da sakin ciki ko kumburi bayan cin maiƙo a makonnin farko, yawanci kuma yakan daidaita da kansa.